Rantsuwar da Na Sa Baba Ya Yi

Na sha jin ku kuna ba abokanku labarina, kuma kun iya shirya shi. Malamar makaranta mai 'ya'ya uku ta ajiye alli, ta koma aji da sa'o'in ƙannenta, ta fito likita. Da kun kai nan sai wani ya ce ai gemu ba ya hana ilimi, ni kuma in yi murmushi in miƙa wa baƙi lemo. Ban taɓa ƙaryata ku ba, domin abin da kuke faɗa ya faru. Sai dai gefen da na juyo muku kawai kuka sani. Godiya, Nuhu, Murna, ku zauna ku karanta wannan har ƙarshe, kuma kada wanda ya kira ni a waya kafin ya gama, don na san halinku, musamman ke Murna.

Digirina na farko a ilimin tsirrai ne, kuma da daraja ta uku na fito, abin da 'yan jami'a ke kira tad kilas. Kada ku nemo mini uzuri. Ban yi ciwo ba, babu malamin da ya tsane ni. Likitanci na nema tun farko, makina bai kai ba, aka tura ni sashen tsirrai, ni kuma na yi fushi da ganyaye har shekara huɗu. Na shiga ƙungiyar mawaƙa, na shiga ta wasan kwaikwayo, na haɗu da babanku, wanda shi ma a lokacin ba littafi ne ya dame shi ba. Ranar da aka kafe sakamako na duba, na ɗaga kafaɗa, na tafi cin gasasshiyar masara. Da wannan takardar na koyar da ilimin halittu shekara goma sha ɗaya a wata makarantar kuɗi da ke bayan layin dogo a Kafanchan. Na iya aikin, amma zuciyata ba ta taɓa zama a cikinsa ba. Duk zangon karatu sai na ja teburina a ɗakin malamai daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, har shugaban makaranta ya ce in an rasa ni a duba inda tebur ya koma.

Mutane suna so in ce tausayin marasa lafiya ne ya tashe ni. Ba shi ba ne. Kyashi ne. Godiya, kina da shekara tara taifot ya kwantar da ke a asibiti. Ina zaune a gefen gadonki da safe, sai ga wani saurayin likita da farar riga, ya ɗauki katinki, ya dube ni, ya rusuna har ƙasa.

"Malama! Ba ki gane ni ba? Haruna ne, ɗan Alhaji Sale mai hatsi."

Na gane shi sarai. Yaron da na taɓa sa wa gwale-gwale don ya zana zuciya ya juya ta a baibai. Ya yi mini bayanin ciwonki a hankali, da ladabi, yana ta cewa kamar yadda kika koya mana, ni kuwa kowace kalma sukata take yi. Ya yi miki magani kin warke, Allah ya saka masa da alheri. Amma na koma gida da wani abu a ƙirjina da ya hana ni sakat. In ɗora miya in manta gishiri. In shiga aji in tsaya da alli a hannu ina kallon Dutsen Kagoro ta taga, har yara su fara tari don in dawo. Shekarata talatin da huɗu, na hango sauran rayuwata a shimfiɗe: zan ci gaba da zana wa 'ya'yan mutane zuciya a allo, su kuma su je su taɓa ta gaske.

Na fara neman likitanci ta ƙofar masu digiri, wadda ake shiga aji biyu kai tsaye. Na je jami'ar da takarduna a cikin sabon fayil, na sha kwalliya. Ma'aikacin ya buɗe, bai ko gyara zama ba ya turo mini abina.

"Madam, da wannan darajar ba a shiga ta nan. Sai dai ki koma ki bi layin yara."

Layin yara shi ne in sake rubuta jarrabawar gama sakandare, don fizis ɗina na da bai kai ba, sannan in rubuta jarrabawar shiga jami'a tare da 'yan shekara sha bakwai. Na bi. Shekara guda ina koyarwa da safe, da yamma in zauna gaban wani malamin fizis da na girme shi, ku kuma kuna gida kuna cin tuwon babanku kuna hawaye. Na ci jarrabawar farko. Ta biyun ma na sami maki mai kyau, a ganina. Aka kafe sunaye, na bi su da yatsa daga sama har ƙasa sau uku, babu Saratu Yohanna.

A wannan halin na hau mota zuwa Sabon Tasha wurin Kawu Markus, ƙanen marigayiya mahaifiyata. Tsohon akawu ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar fayil daga ofis zuwa ofis, saboda haka babu abin da bai sani ba, har da abin da babu shi. Ya baje takarduna a tebur, ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan ranar haihuwata.

"Saratu, ba maki ne matsalanki ba. Dubi nan. Talatin da biyar. Wa zai ba ki kujeran yaro? Ba su rubuta ba, amma in mutum ya wuce talatin, fayil nashi ƙasan tebur yake zuwa. Ni na san sistem."

"To yaya zan yi, Kawu? In koma ciki a sake haihuwata?"

"Kusan haka. Afidabit. Ki cire tara. Ki sake rubuta jarrabawa duka biyu da sabon shekara, digirin nan kuma ki ɓoye shi a ƙasan akwati. Kowa yana yi."

Afidabit ɗin da yake nufi ita ce takardar rantsuwar shekaru. Mu da aka haifa a ƙauye ba mu da takardar asibiti. Wani babba da ya san haihuwarka ne zai je kotu ya rantse cewa ran kaza aka haife ka, a buga hatimi, shi ke nan ta zauna. Na ce to Kawu ya rantse mini. Nan take ya tuna cewa fanshonsa bai fito ba, ba ya son sunansa ya shiga wata magana. Ya ce akwai masu zama a bakin kotu da za su zama kawun mutum na minti biyar. Ni ce na ƙi. Na ce in za a yi, a yi wadda ba mai tonawa, wadda uba ya sa wa hannu. Ku riƙe wannan da kyau: wata hanyar tana nan, ni na zaɓi kakanku.

Babanku bai cika musu da ni ba, ya san babu riba. Amma ranar da na gaya masa sai da ya ajiye cokali.

"Maman Godiya, kin san wanda za ki je ki tambaya kuwa? Mutumin da ya kai kansa ƙara wurin mai unguwa don akuyarsa ta ci dawar maƙwabci, alhali ba wanda ya gani?"

"Ubana ne," na ce, "ba naka ba."

Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da cin abinci. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Kun san kakanku tsoho ne mai shiru. Kafin wannan shekarar ba haka yake ba. Dattijo Yohanna ya yi shekara ashirin cikin dattawan ikilisiya a Fadan Kagoma. Shi ke riƙe makullin majami'a, shi ke raba jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake miƙa wa masu bi a sujada, in rikicin iyakar gona ya tashi shi ake kira ya nuna inda itacen shaida yake. Fataken citta da ke zuwa daga Kafanchan ba sa kwance buhunsa su duba, in ya ce busasshiya ce to busasshiya ce. Na same shi lokacin tonon citta, zaune a kan falalen dutsen da ke bayan gida, yana tsagawa ana shanyawa. Na ɗauki wuƙa na zauna kusa da shi. Na fara da yarenmu, na zagaya, na sake zagayawa, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ci gaba da tsaga citta. Da ya buɗe baki, da Hausa ya amsa. A gidanmu yare na hira ne da faɗa, in Baba ya juya Hausa to magana ta zama ta ikilisiya. Hausarsa kuwa ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne a wurinsa.

"Je ka ɗauko mini Littafi."

Na ɗauko Littafi Mai Tsarki nasa na Hausa, wanda bangonsa ya sha ɗinki. A shafin farko ya rubuta sunayenmu mu biyar da ranar haihuwar kowa, da biro, da hannunsa. Ya nuna sunana, ya gangara da yatsa zuwa na Ishaya, ƙanena da na ba shekara huɗu.

"In na cire maka tara, Ishaya ya zama yayanka ke nan?"

"A takarda kawai, Baba."

"Wannan ma takarda ne."

"Kowa yana yi."

"Kowa bai zo wurina ba. Kai ne ka zo."

Nan raina ya ɓaci, kun kuma san bakina in raina ya ɓaci. Na ce ya fi son a ce Dattijo Yohanna bai taɓa ƙarya ba da a ce 'yarsa ta zama wani abu. Ya ajiye Littafi ya koma kan cittarsa. Sai na ɗauko abin da na san zai shige shi. Mama ta rasu ne a bayan a-kori-kura a kan hanyar Kafanchan, jini ya tsinke mata bayan haihuwar autanmu, kanta yana kan cinyar Baba. Na ce masa da akwai likita kusa, da yanzu tana nan tana tsaga cittar nan tare da shi, kuma ni don ita nake shan wannan wahala. Ƙarya nake yi. Ba don Mama ba ne, na riga na gaya muku dalilina. Mutuwar mahaifiyata na ɗauka na doki mahaifina da ita don in sami sa hannu. Wuƙar ta tsaya a hannunsa. Ya ce in tashi in kama mota tun da sauran rana.

Bayan kwana takwas, ina cikin aji, mai gadi ya leƙo ya ce ina da baƙo. Baba ne a bakin get, da rigarsa ta Lahadi da hula, Littafi a hammata. Bai bari na gama gaisuwa ba.

"Mu je," ya ce.

Akawun kotun ya saba da irin wannan aiki. Ya buga abin da na faɗa masa a tafireta, ya zare takardar, ya tura ta gaban Baba da biro, yana hira da wani ta taga.

"Baba, sa hannu a nan."

"Karanta mini tukuna. Da Hausa."

Akawun ya dube ni, ya ja numfashi, ya karanta: ni Yohanna, mahaifin Saratu, na rantse cewa an haife ta ran kaza ga watan kaza, shekara kaza. Baba ya miƙe tsaye, ya zaro Littafi daga hammata ya ɗaga.

"A'a, Baba, ba sai ka yi wannan ba. Sa hannu kawai ake yi."

"Takardan ya ce na rantse?"

"Haka aka rubuta."

"To bari in rantse. Kada ya zama ƙarya biyu."

Ya maimaita kowace kalma da ƙarfi, da muryar da yake karanta Zabura, yana riƙe da Littafin da ainihin ranar ke rubuce a shafinsa na farko. Masu jira a kan benci suka daina hira suna kallonsa. Bai tsallake ko kalma ɗaya ba. Ya zauna ya sa hannu. A waje na ce ya zo gida ya ci abinci ya ga jikokinsa, ya ce akuyoyi suna jiransa. Na raka shi tasha. Abin da na ji a raina ina dawowa zan faɗa muku, don na yi alkawari ba zan gyara komai ba: murna na ji. Na riƙa taɓa jakata ina jin takardar a ciki, ina sauri kamar 'yar shekara ashirin da shidan da na zama.

Na ajiye aikin koyarwa. Na yi rajistar jarrabawa a Kaduna, inda ba ɗalibin da zai ce mini Malama ina kwana a ɗakin jarrabawa. Na cire zobe, na daina ɗaura zani, na sayi siket irin na 'yan mata, babanku ya dube ni ya ce Allah ya kyauta. Karatu nake yi kamar mai gudun wuta, a kicin, a mota, a layin famfo. Ina tsakiyar wannan Ishaya ya zo Kafanchan, ko zama bai yi ba.

"Yaya, Baba ya koma bencin baya."

Ku da kuka tashi a manyan coci-coci na birni sai na yi muku bayani. A ikilisiyarmu, wanda ya yi zunubin da ya fito fili ana sa shi horo. Ba ya cin jibi, ba ya riƙe wani aiki, yana zama a benci na ƙarshe kusa da ƙofa, har ranar da zai tashi a gaban jama'a ya faɗi laifinsa da bakinsa a karɓe shi. Bencin 'yan matan da suka yi ciki ne, da mazan da aka tsinto a gidan burkutu. Ba wanda ya sa Baba. Lahadin da ta biyo bayan kotu ya miƙe bayan sanarwa, ya ajiye makulli a gaban fasto, ya ce ya yi wa Ubangiji laifi da saninsa, bai cancanci raba jibi ba, ya taka zuwa baya ya zauna. Fasto da dattawa sun bi shi gida har sau uku don su ji laifin. Ya ce ba zai iya faɗa ba tukuna. In mutum bai faɗa ba kuwa, gari zai faɗa masa. Wasu suka ce wata gwauruwa ce a ƙetaren rafi. Wasu suka ce wurin boka ya je don cittarsa, shi ya sa take fin ta kowa. Masu rikicin gona suka daina kiransa.

"Yaya, wurinki ya zo kafin abin nan. Kin san wani abu?"

"Ni? Me zan sani? Jikokinsa ya zo gani."

Ina kallon idon Ishaya na faɗi haka. Saura sati uku jarrabawa, na ba shi ruwa ya sha, na koma kan littafina.

Sakamako ya yi kyau, ya fi na bara nesa ba kusa ba. Aka kira mu tantancewa. A layi gabana akwai wani mutum mai furfura a gemu, Malam Idi, malamin dabbobi daga Jere. Na ɗauka ɗansa ya rako. Ya ce a'a, shi ne ɗalibin, shekararsa arba'in da ɗaya, wannan ne gwajinsa na uku.

"Ba ka rage ba?" na tambaye shi ƙasa-ƙasa.

"In rage me, 'yar'uwa? Ga furfura nan, in kai ta ina?" Ya yi dariya. "Ai maki suke dubawa. Bara da huɗu na gaza."

Ya faɗa mini makin da aka yanke bara. Na tuna nawa. Da shida na gaza. Ba shekaru ne suka hana ni ba, ban kai ba ne kawai, girman kai kuma bai bar ni na je na tambaya ba, na gwammace in ji daga bakin Kawu Markus cewa zaluntata aka yi. Matar da ke tantancewa ta buɗe fayil ɗina, ta duba fizis, ta duba kimistiri da sauransu, ta zo kan takardar Baba ta juya ta da ɗan yatsa ko karantawa ba ta yi ba. Aka ɗauke ni. Aka ɗauki Malam Idi da shekarunsa cif. Na fito na zauna a gindin wata bishiya da takardar shiga a hannuna, abin da na yi shekara biyu ina mafarkinsa, na rasa inda zan sa kaina.

Ranar Lahadi na kai wa Baba takardar a majami'arsu. Na makara, an riga an fara waƙa, saboda haka da na shiga shi ne mutum na farko da na gani, a bakin ƙofa, tsakanin bango da wata yarinya mai goyo, yana rera waƙa da ƙarfinsa kamar kullum. Na wuce shi zuwa layin mata. Da aka zo raba jibi na waiwaya, na ga faranti ya kai bencin da ke gabansa ya juyo. Da ya iso kaina na miƙa hannu na karɓa. Bayan sujada muka zauna a gindin mangwaron gida, ya sa na karanta masa takardar sau biyu, ina fassarawa.

"Baba, zan je in gaya wa fasto. Ni ce na sa ka."

"In ka faɗa, magana zai kai makaranta?"

"Za ta iya kaiwa."

"Su kore ka?"

"Za su iya."

"To na zauna a wurin a banza ke nan." Ya naɗe takardar ya miƙo mini. "Karatun shekara nawa ne?"

"Shida."

"Shida ba yawa. Ranan da ka gama ka zo, in tashi in faɗa da bakina. Je ka karanta."

Maganar Malam Idi tana bakina, na haɗiye ta. Na ce wa kaina tausayinsa nake ji, kada ya san ya rantse a kan abin da ba wanda ya tambaya. Da tausayin, ban musa ba. Amma tsoro ya fi yawa. Na san in ya ji ba zai zage ni ba, kallona kawai zai yi, kuma ba zan iya ɗaukar wannan kallon ba.

Shekara shida ta zama bakwai da rabi saboda yajin aiki. Baba ya rasu ina aji biyar, ciwon kwana huɗu, yana kan bencinsa har Lahadin ƙarshe. A jana'izarsa fasto ya yi wa'azi a kan jinƙan Allah ga masu zunubi, yana zaɓen kalmomi kamar mai tafiya a kan ƙaya. Dattawa ba su ɗauki akwatin gawar ba kamar yadda suke yi wa nasu, samarin gida ne suka ɗauka. Na ji Mama Talatu ta zumuntar matan coci a bayana tana cewa ya tafi da abinsa a ciki. Ina zaune a gaba da baƙin ɗankwali, saura mini shekara ɗaya da 'yan watanni, na ja bakina na yi shiru. Da na gama na ce bari in kammala aikin koyo a asibiti. Na kammala, na ce bari aiki ya zauna. Aiki ya zauna, na ce bari ku gama makaranta. Nuhu, ka tuna ka taɓa dawowa daga hutu a ƙauye kana tambayata wace ce matar da ake cewa kakanka ya bi, na daka maka tsawa na ce ka daina sauraron gulma. Babu wata mata. Babu boka. Ni ce.

Na rubuta wa asibitin da nake aiki na gaya musu shekaruna na gaskiya, abin da za su yi su yi. Na gaya wa Ishaya, ya tashi ya fita, har yau ba ya ɗaukar wayata, kuma yana da gaskiya. Sannan na kira faston da ke Fadan Kagoma yanzu, matashi ne, bai taɓa ganin Baba ba. Ya saurare ni har na gama.

"Mama, ai yawancin waɗanda suka san wannan magana sun riga sun tafi gida. Ko mu yi addu'a kawai a ofis?"

"Su wa suka rage?"

Ya kira mini sunaye huɗu.

"A gaban jama'a Baba ya ce zai faɗa," na ce masa. "A sa ni bayan sanarwa."

Lahadin farkon wata ce, ranar jibi. Ina so ku zo ku ukun da 'ya'yanku, kuma kada wanda ya taso ya riƙe mini hannu ko ya ce ya isa haka. Cikin mutum huɗun nan akwai Mama Talatu. An ce kunnenta ya yi nauyi yanzu, sai na ɗaga murya.